Halin Mutum da Aljihunsa: Abin da Bincike Ya Gano

Gabatarwa

A kowane gari akan sami ma'aikata biyu masu albashi ɗaya da nauyin iyali kusan iri ɗaya, amma kafin wata ya raba tsakiya ɗaya ya shiga neman rance, ɗayan kuwa ya kai ƙarshen wata har da ɗan abin ajiyewa. Haka kuma akan sami manoma biyu da gonakinsu ke maƙwabtaka, ɗaya ya kwashe hatsinsa ya kai kasuwa tun da kaka lokacin da yake araha, ya dawo yana sayen tiya da tsada in damina ta yi tsakiya, ɗayan kuwa ya rufe rumbunsa ya jira. Idan aka tambayi mutane dalili, amsar da aka fi bayarwa ita ce: halinsu ne ya bambanta.

Masana tattalin arziki sun daɗe ba su ba wannan amsa muhimmanci ba. A ƙa'idojinsu na farko sun ɗauki mutum tamkar mai lissafi ne tsantsa, wanda ke auna riba da asara cikin natsuwa, sannan ya zaɓi abin da ya fi amfani gare shi. Amma daga wajen shekarun 1970 sakamakon gwaje-gwaje ya sa suka fara haɗa kai da masana halayyar ɗan Adam. Wannan maƙala za ta duba abin da suka gano game da dangantakar hali da yadda mutum ke samu, da kashewa, da ajiyewa, da kuma iyakar abin da hali zai iya bayyanawa.

Yadda Masana Ke Auna Hali

Kafin a yi nazarin abu a kimiyyance, dole a sami hanyar auna shi. A shekarar 1936 wasu masana biyu na Amurka, Gordon Allport da Henry Odbert, suka bi ƙamus na Ingilishi kalma bayan kalma, suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake amfani da su wajen siffanta mutum. Hujjarsu ita ce, duk halin da ya dami al'umma, to za a tarar ta ba shi suna. Waɗanda suka biyo bayansu suka riƙa ba dubban mutane takardun tambayoyi, suna amfani da lissafi don gano siffofin da ke tafiya tare. Alal misali, wanda aka ce yana cika alkawari, galibi shi ne kuma ake cewa yana zuwa kan lokaci, yana kuma kammala aikin da ya fara. Da haka kalmomin suka dunƙule zuwa rukuni biyar, waɗanda Lewis Goldberg ya laƙaba wa suna Manyan Biyar a 1981.

Na farko shi ne himma da tsari, wato riƙon aiki, da kamun kai, da shiri tun kafin lokaci. Na biyu son shiga jama'a da rashin jin nauyin magana a cikinsu. Na uku sauƙin kai, wanda ya ƙunshi tausayi da yarda da mutane da gudun rigima. Na huɗu saurin damuwa da fargaba. Na biyar kuwa son sabon abu da sha'awar bincike. Kowane ɗaya daga cikinsu tamkar ma'auni ne mai tsawo, akasarin mutane suna wajen tsakiya, ƙalilan ne ke can ƙarshe.

Hausawa ma suna da nasu jerin. A cikin nazarinsa mai suna Mutumin Kirki, wanda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya tattara siffofi goma da Bahaushe ke auna nagartar mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Bambancin shi ne, jerin Hausawa yana bayyana yadda ya kamata mutum ya kasance, na masana kuwa yana bayyana yadda mutane suke, ba tare da yabo ko zargi ba.

Daga cikin biyar ɗin nan, himma da tsari ne aka fi samu da alaƙa da sha'anin kuɗi. A 1991 Murray Barrick da Michael Mount suka haɗa sakamakon bincike 117 da aka yi a kan ma'aikata, suka tarar wannan hali yana tafiya da ƙwazon aiki a dukkan rukunan sana'o'in da suka duba. Son shiga jama'a kuwa ya fi amfani ga manajoji da masu tallar kaya.

Gwajin Alewa

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, Walter Mischel na Jami'ar Stanford ya shirya wani gwaji mai sauƙi a makarantar renon yara ta jami'ar. Akan zaunar da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar a ɗaki shi kaɗai, a ajiye masa alewa guda a gabansa, a ce masa in ya jira har babba ya dawo za a ba shi biyu, in kuwa ya kasa jira, to guda ɗayan ce rabonsa. Jiran yakan kai minti 15. Wasu yaran ba a ko rufe ƙofa ba suke cinyewa. Waɗanda suka jure kuwa, an lura ba zuba wa alewar ido suke yi ba, wani ya rufe fuskarsa, wani ya juya baya, wani ya shiga wasa da hannuwansa. Bayan shekaru aka sake bibiyar wasu daga cikinsu, kuma rahoton da aka fitar a 1990 ya nuna waɗanda suka fi jira suna ƙanana sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a.

Abin da gwajin ke aunawa shi ne ginshiƙin kowace irin ajiya da zuba jari: barin ɗan daɗin yau domin babban amfanin gobe. Ɗalibin da ya zauna a aji maimakon ya fita neman na kashewa, da manomin da ya ware iri bai ci ba, duk wannan ciniki suke yi da lokaci.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ta fito ne daga garin Dunedin na ƙasar New Zealand, inda masana suka ɗauki jarirai 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, suka ci gaba da bin rayuwarsu har suka girma. Tsakanin shekara 3 zuwa 11 an auna kamun kan kowane yaro ta hanyar rahoton iyaye da malamai da masu binciken kansu. A 2011 Terrie Moffitt da abokan aikinta suka bayyana yadda yaran suka kasance da suka kai shekara 32. A cikin rukunin da ya fi ƙarancin kamun kai, kashi 32 cikin 100 suna samun ƙasa da dalar ƙasar 20,000 a shekara, alhali a rukunin da ya fi kamun kai kashi 10 ne kacal. Kashi 43 cikin 100 na rukunin farko kotu ta taɓa samunsu da laifi, a ɗaya rukunin kuwa kashi 13. Bambancin bai gushe ba ko da aka yi la'akari da kaifin basirar yaran da kuma matsayin iyayensu.

Gyaran da Bincike Ya Yi wa Kansa

Da jin wannan, mai karatu zai iya cewa ai magana ta ƙare, mahaƙurci mawadaci. Sai dai ɗabi'ar kimiyya ce ta koma ta binciki abin da ta faɗa jiya. Yaran da Mischel ya gwada galibinsu 'ya'yan malamai ne da ɗaliban jami'a, wato 'yan gidajen da ba a rasa abinci. A 2018 Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka sake duba lamarin da yara sama da 900 daga gidaje iri-iri. Alaƙar da suka samu tsakanin jira da ƙwazon karatu a shekara 15 ba ta wuce rabin wadda aka ruwaito da farko ba, kuma da suka cire tasirin halin da gida ke ciki da basirar yaron tun farko, sai ta ƙara raguwa ƙwarai.

Wani gwaji da Celeste Kidd ta jagoranta a Jami'ar Rochester, wanda aka buga a 2013, ya haska dalili ɗaya. An raba yara 28 gida biyu. Kafin a kawo alewa, an yi wa kowane yaro alkawarin za a kawo masa kayan zane masu kyau. An cika wa rabinsu alkawari, sauran kuwa aka dawo aka ba su haƙuri. Da aka zo gwajin alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3. Ashe yaron da ya saba ganin ana saɓa alkawari, in ya cinye abin da ke gabansa, lissafi ya yi daidai da abin da duniya ta nuna masa.

Tarbiyya ma tana da nata rabon. Bettina Lamm da abokan aikinta sun kai gwajin ga 'ya'yan manoman ƙabilar Nso a arewa maso yammacin Kamaru, inda aka yi amfani da fanke a madadin alewa, suka kwatanta su da takwarorinsu na Jamus. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Kamaru sun jira minti 10 cif, na Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. Iyayen yaran Jamus sun fi wadata nesa ba kusa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa haƙuri ba ya zama dukiya sai ya sami makaranta da kasuwa da jarin da zai yi aiki a kansu.

Kasada da Tsoron Asara

Hali na biyu da ke shiga aljihu shi ne yadda mutum ke fuskantar abin da ba shi da tabbas. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar ɗan Adam, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun kiyasta nauyin da kusan ninki biyu. Ma'ana, ɓacin ran wanda ya yar da naira 1,000 ba ya gogewa da tsintar naira 1,000, sai abin ya kai wajen 2,000. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba Kahneman kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Nauyin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma mai yawan fargaba yakan guji ko da kasadar da ke da amfani, kamar gwada sabon iri a wani yanki na gona.

A ɗaya gefen kuma akwai mai yarda da kansa fiye da kima. Brad Barber da Terrance Odean sun binciki asusun gidaje sama da 66,000 masu cinikin hannun jari a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi kowa yawan saye da sayarwa sun sami ribar kashi 11.4 cikin 100 a shekara, alhali kasuwar gaba ɗaya ta ba da kashi 17.9. Kuɗin dillanci da gaggawar yanke shawara suka cinye bambancin. A wani nazarin da suka buga a 2001, sun tarar maza sun fi mata yawan wannan ciniki da kashi 45 cikin 100, kuma hakan ya fi rage musu riba.

Masu damfara sun san wannan rauni sarai. Shirin nan na MMM da ya bazu a Nijeriya ya yi wa mutane alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a kowane wata, kafin ya dakatar da biya a watan Disamba na 2016, jama'a da dama suka tafka asara. Ɗalibin da ya san lissafi zai iya gane matsalar da fensir: kuɗin da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata zai ninka sama da sau 23 a shekara guda, kuma babu wata halastacciyar sana'a da ke haifar da haka.

Sauƙin Kai da Amana

Ba kowane kyakkyawan hali ne ke kawo kuɗi ba. A 2012 Timothy Judge da abokan aikinsa suka ruwaito cewa a Amurka maza masu sauƙin kai suna samun albashi ƙasa da na takwarorinsu masu tsauri. Daga cikin dalilan da ake kawowa akwai jin nauyin neman ƙari, da rashin ɗaukar kuɗi da muhimmanci kamar yadda wasu ke ɗaukarsa. Duk mai kanti da ya kasa hana ɗan'uwa bashi har jarinsa ya karye ya san wannan darasi.

Amma a inda ciniki ya dogara da yarda, hali shi kansa jari ne. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Hausawan Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanun da aka kawo daga Arewa bashi, ba tare da takarda ko banki ba. Maigidan da bafatake ya sauka a wurinsa shi ke tsaya masa, in mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya. Saboda haka maigida da dillalansa sai sun san halin kowane mahauci ciki da waje, shi kuma sunansa na mai riƙon amana shi ne ke jawo masa fatake. Ranar da ya ci amanar mutum ɗaya, labari zai riga shi isa Arewa.

Talauci Ma Yana Taɓa Hali

Kuskure ne babba a ɗauki waɗannan sakamako a ce duk matalauci halinsa ne ya ja masa. Da farko, alƙaluman matsakaici ne na jama'a masu yawa, ba hukunci ba ne a kan mutum ɗaya. A Dunedin ma akwai masu kamun kai da suka talauce, akwai marasa shi da suka wadata. Na biyu, kibiyar tana iya juyawa. A 2013 Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da abokan aikinsu suka gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da hannunsu ya bushe, da kuma bayan an biya su. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan kuɗi ya shigo. Bayanin masu binciken shi ne, tunanin bashi da abincin gobe yana cinye wani ɓangare na hankalin da mutum zai yi shiri da shi.

Na uku, ma'aunin kansa yana da rauni. An ƙirƙiri takardun tambayoyin ne a Turai da Amurka, kuma wani nazari da Rachid Laajaj da abokan aikinsa suka buga a 2019, wanda ya shafi ƙasashe 23 masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, ya nuna cewa a tambayoyin baka da aka yi wa jama'a rukunan biyar ba su fito sarai yadda aka zata ba.

Shin Hali Zanen Dutse Ne?

Nazarin tagwaye ya nuna cewa gado yana bayyana wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane. Saura kuwa yana hannun abin da mutum ya tarar da abin da ya koya. An kuma lura cewa akasarin mutane suna ƙara tsari da natsuwa yayin da suka shiga aiki da aure.

Tsakanin 1962 da 1967, a garin Ypsilanti na jihar Michigan, an ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata, aka sa 58 a wani shiri na musamman na makarantar Perry, inda ake koya wa yaro ya tsara abin da zai yi, ya aikata, sannan ya waiwaya ya duba. Fifikon da suka samu a gwajin basira ya ɓace kafin su kai shekara 10, har wasu suka ɗauka shirin bai yi amfani ba. Amma da suka kai shekara 40 an tarar sun fi sauran samun aiki da kuɗin shiga, kuma ba su kai su shiga hannun hukuma ba. James Heckman, wanda ya sami kyautar Nobel a 2000, ya nuna cewa babban sashe na wannan amfani ya biyo ta gyaruwar ɗabi'a ne.

Manya ma ba su wuce gyara ba. A birnin Lome na Togo an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku. An koya wa kashi ɗaya darussan kasuwanci na al'ada, kamar riƙe littafin ciniki da talla. An horar da kashi na biyu kan zaburar da kai, wato neman dama tun kafin ta zo, da shirya wa matsala, da jurewa in an sami cikas. Kashi na uku ba a ba su komai ba. Rahoton da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna cewa cikin shekara biyu ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta kashi na farko kuwa da kashi 11, wanda bai kai a tabbatar da shi a lissafi ba.

Dabarun Ɗaure Hannu

Wanda ya san rauninsa yana iya gina masa shinge. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun tarar manoma da yawa suna da niyyar sa taki, amma in lokaci ya yi kuɗin ya riga ya tafi. Da aka ba su damar biya nan da nan bayan girbi, tare da kai musu takin gida kyauta, amfani da shi ya ƙaru kwatankwacin yadda ya ƙaru da aka yi rangwamen rabin farashi daga baya. A ƙasar Filifin kuma, wani banki ya buɗe asusun da mai shi ba zai iya cire kuɗi ba sai ranar da ya ɗibar wa kansa ta cika, ko kuɗin ya kai adadin da ya sa. Bayan shekara guda, ajiyar waɗanda aka yi wa tayin ta ƙaru da kimanin kashi 81 cikin 100 in an kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba, kamar yadda aka ruwaito a 2006.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Asusun ƙasa da ba a samun abin da ke cikinsa sai an fasa shi, da adashin da mace ke zubi kowane mako don kunyar abokan zubi, da tunkiyar da ake saya a turke har Babbar Salla, duk hanyoyi ne na nisanta kuɗi daga hannun mai shi a ranar da zuciyarsa ta raunana.

Kammalawa

Abin da ya tabbata daga waɗannan bincike shi ne, hali yana da rabo na gaske a sha'anin dukiya, musamman kamun kai da tsari da yadda mutum ke auna kasada, amma rabon nasa yana aiki ne tare da ilimi da damar da mutum ya samu da kuma yanayin da ya tashi a ciki. Ga ɗalibi, amfanin wannan ilimi shi ne ya san inda yake da rauni tun yanzu da abin da ke hannunsa bai wuce kuɗin tara ba: mai gaggawa ya ware ajiyarsa a ranar da kuɗi ya shigo, ya kuma kwana a kan kowace babbar shawara, mai fargaba ya gwada sabon abu kaɗan-kaɗan, mai sauƙin kai ya rubuta duk bashin da ya bayar. Ga malami kuwa, gwajin Rochester da shirin Perry sun ɗora masa nauyi biyu. Ya ba yara aikin da za su tsara da kansu su kuma kai ƙarshensa, sannan ya kiyaye duk alkawarin da ya yi musu, na lada ne ko na horo, domin daga nan ne yaro ke koyon ko jira yana da amfani.